Ruwan Rijiyar Barau a Cikin Lagireto

Mai Tsamiya, ta Kiyawa,
25 ga Fabrairu, 1996.

Zuwa ga taubashina Falalu, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Mu nan ƙalau muke. Matarka Zulaihatu ta iso gidan iyayenta goyon ciki lafiya. Mahaifiyarta Inna Talatu tana ta tarairayarta, ƙafafunta ne kawai suka ɗan kumbura. Matata Murja da yara suna gaishe ka.

Bayan haka, na ga takardarka, na kuma ga tambayar da ka saƙala a ƙarshe, wai ko motar Hamma Barau abin dogaro ce in haihuwa ta zo da gardama, tunda ita kaɗai ce mota a garin nan. Sau uku na karanta layin. Tunda zaman Kaduna ya sa ka manta ko ni wane ne, bari in tuna maka.

Ni Barau Jauro, ina aji uku na sakandare mahaifina ya rasu, na ajiye littafi na ɗauki sanda. Shanun da ya bari ƙasusuwa ne a tsaye, ni na mayar da su garke. Tuƙi, babu wanda ya taɓa riƙe mini sitiyari, da ido na koya a tashar Kiyawa. Gidan kwano na farko a Mai Tsamiya nawa ne. Shekarar da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, na sayi Fijo doguwa ba tare da na je ƙofar wani mai mulki na durƙusa ba. Sannan rijiya. Gaba goma sha huɗu na haƙa da hannuna a bayan gida, mutane suna wucewa suna cewa Barau ya zautu, nan wurin dutse ne. Yau duk garin ita suke sha.

To, mutumin da ya yi wannan ne zai kasa kai mace ɗaya asibitin Jahun? Tafiyar da nake yi ido rufe?

Ka tambayi abin da nake zuba wa lagireto. Ruwan rijiyata mana! Kullum da safe guga guda, ni da kaina. Ruwan nan yana da ɗanɗanon kanwa, kai ma jinin makiyaya ne, ka san tafiyar kwanaki kakanninmu suke yi da shanu don su kai su irin wannan ruwa. Ni kuwa Allah ya kawo mini shi har bayan ɗaki. Ka zo ka ga bijimaina, tozo kamar tulu. Abin da ya gina ƙashin bijimi, ai inji ma ba zai ƙi shi ba.

Ka kwantar da hankalinka, Malam Injiniya. Kai dai ka ci gaba da ɗaure wa mutane kusoshi a kamfaninku, ka bar mana sha'anin mota.

Naka,
Barau Jauro, mai Fijo.

*

Kaduna,
7 ga Maris, 1996.

Zuwa ga Hamma Barau.

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin lafiyarku, Allah ya ƙara. Ni ma lafiya, sai ɗan tarin da ya kama ni bayan azumi, ya kuma tafi. A gaishe da Inna Talatu da Adda Murja. A ce wa Zulaihatu ta rage ɗaukar tulu, na san halinta.

Hamma, tarihin nan naka na haddace shi tun ina firamare, ko a barci aka tashe ni zan biya shi har da zurfin rijiyar. Ban taɓa ƙaryata ko layi ɗaya ba. Da ban yarda da kai ba, ai da ban bar matata da cikin fari a garin da babu asibiti ba.

Amma maganar ruwa ta tayar mini da hankali. Ruwan rijiyarka zai kashe motar nan. Saniya tana sha ta yi fitsari, abin da jikinta ba ya so ya fita. Mota ba ta fitsari, Hamma. Ruwan ya yi zafi ya tafi a tururi, kanwar ta zauna. Gobe ka ƙara guga, wata kanwar ta hau kan ta jiya. Hanyoyin ruwa a cikin lagireto sirara ne kamar karan tsintsiya, in suka toshe inji ya dahu. Ai ka faɗa da bakinka, kullum guga guda. Motar da ke da lafiya sai ta yi wata ba ta nemi ƙarin kofi ɗaya ba.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka ce Adda Murja ta ba ka butar da take dafa maka shayi, ka leƙa cikinta.

Akwai ruwan da aka yi domin lagireto, kore ne, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Kada ka saya a bakin titi, wasu ruwan famfo suke rinawa su sa a galan. Na gaskiya in ka murza a yatsa za ka ji santsi. Ɗan'inna, direban babbar motar nan da ke kai shanu Kudu, ya ce zai biyo ta wajenku mako mai zuwa. Zan ba shi galan guda na wanda muke amfani da shi, tare da takardar da ta bayyana yadda za ka yi. Don Allah kada ka buɗe galan ɗin sai ka karanta takardar.

Lissafin asibitin nan ya nuna ƙarshen Mayu ne. Kuma sun ce yarinyar ƙugunta ƙarami ne, kada a bar ta ta daɗe tana naƙuda a gida. Shi ya sa ka ga na dame ka.

Ƙaninka, mai ɗaure kusoshi,
Falalu.

*

Mai Tsamiya,
22 ga Maris, 1996.

Falalu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, zafi ne dai ya sauko da ƙarfinsa. Zulaihatu tana nan ƙalau, an hana ta tulu, yanzu Inna Talatu take yi wa mulki.

Na ga abin da ka rubuta. "Ruwan rijiyarka zai kashe." Falalu, rijiyar da liman yake alwala da ita? Rijiyar da matarka take sha safe da yamma? Ranar ɗaurin aurenka kai da abokanka 'yan Kaduna kun shanye mini randa biyu, wa ya mutu a cikinku? Ka zagi motata na yi shiru, ka zagi tuƙina na yi shiru, amma rijiyar nan shekara guda na yi a cikinta, farcena biyu a can ƙasa suka tsaya. Da ba wasan taubasai ke tsakaninmu ba, da na kai ƙararka wurin dattawa.

Kuma ni ba na leƙa butar mata. Murja ta ji ana maganar ta yi dariya ta shige ɗaki, ban tambaye ta dalili ba.

Ɗan'inna ya zo ranar Talata, ya miƙo galan ta taga yana sauri, shanun da ya ɗauko suna ta kuka da ƙishi. Babu wata takarda. Na jira kwana biyu, na ce ruwa ne dai, ba allurar likita ba, mutumin da ya koyi tuƙi da ido ba ya bukatar darasi kafin ya buɗe galan. Domin a zauna lafiya na raba mana gardama: na tuttule rabin koren naka a kan abin da ke ciki, na cike da na rijiyata. Naka da nawa suna can suna zaman lafiya a lagireto, sai ka yi koyi da su.

Gaskiya ruwan naka yana da kyau a ido. A tashar Dutse na buɗe murfi direbobi suka taru, wani ya ce, "Barau, lemo kake ba ta yanzu?" Na ce daga Kaduna aka aiko mini, ba irin na kowa ba ne.

Allurar zafi tana ɗan wuce tsakiya in na hau yashin nan na kusa da kuka biyu, amma watan Maris ne, mutum ma zufa yake yi.

Barau.

*

Kaduna,
4 ga Afrilu, 1996.

Hamma Barau,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ni dai tun da na karanta takardarka abinci bai yi mini daɗi ba.

Na farko, ban zagi rijiya ba. Koma ka duba layin, mota na ce zai kashe, ban ce mutum ba. Rijiyarka albarka ce ga mutane da shanu, ina roƙon Allah ɗana ma ya girma da ruwanta. In maganar ta yi kaushi ka yafe mini.

Na biyu, takardar tana hannun Ɗan'inna, na ga sanda ya cusa ta saman gilashi. Ga abin da ke ciki, a taƙaice. Koren ruwa ba ya wanke dattin da ya riga ya daskare. Sai an cire lagireto an kai wa masu wanke shi sun zuge hanyoyin, an ɗauraye injin, sannan a zuba. Kuma ba a gauraya shi da ruwan rijiya. Ruwan batir ake sawa, in babu, ruwan sama da aka tara a fili cikin kwano mai tsabta, ba wanda ya biyo ta rufin ɗaki ba. Abu na uku, wanda ya fi damuna: ruwan nan yana da zaƙi, kuma guba ne. In za ka zubar, haƙa rami ka binne, kada maraƙi ko akuya ko yaro ya lasa. Ragowar galan ɗin ka rataye shi sama.

Allurar da take wuce tsakiya ba zufa ba ce, Hamma, kuka take yi maka. Ka kai motar Dutse wannan makon. Sun hana ni hutun Babbar Sallah, na adana kwanakina sai suna, ba don haka ba da na zo da kaina.

Falalu.

*

Kaduna,
12 ga Mayu, 1996.

Hamma Barau,

Sallama. Yau mako biyar ke nan babu amsa. Ban san ko lafiya ba, ban san ko fushi ba ne.

Shekaranjiya na haɗu da wani ɗan Buji a kasuwa, ya ce ya ga wata farar Fijo doguwa a hanyar Jahun, bijimai biyu suna janta, mai ita yana tafe a ƙasa ya sauke hula har gira. Na ce masa fararen Fijo suna da yawa. Amma na san bijiman da za su iya jan mota.

In fushi kake, ka yi fushinka bayan Zulaihatu ta sauka. Na yarda ni ne mara kunya, na yarda rijiyarka ta fi ta kowa a Jigawa, in kana so zan rubuta na sa hannu. Layi ɗaya kawai nake roƙo: akwai motar da za ta kai ta ko babu? In babu, a kai ta Jahun tun yanzu a amalanke, ta zauna gidan Goggo Asma'u kusa da asibiti har lokaci ya yi. Babu abin kunya a ciki.

Saura mako biyu, Hamma.

Falalu.

*

Jahun, bakin asibiti,
2 ga Yuni, 1996.

Zuwa ga taubashina Falalu.

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Zulaihatu ta haihu jiya Asabar bayan la'asar, mace, tana da kunnuwanka, Allah ya ba ta haƙuri. Uwa da 'ya suna lafiya. Aiki aka yi mata, amma yau da safe ta sha kunu, har ta yi wa Inna Talatu faɗa a kan zani. Alhamdu lillahi.

Yanzu sai bayani, kuma sau ɗaya zan yi shi, kada ka sake tambayata.

Ɗan Bujin bai yi ƙarya ba. Kwana uku kafin Babbar Sallah ina ɗauke da mutum tara da raguna biyu, a yashin kuka biyu, sai tururi ya taso ta bonet kamar an buɗe tukunyar dambu. Motar ta yi tari ta tsaya. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Malam Barau, ko mu sauka mu ba ta fifita?" Na aika gida aka kawo bijimaina. Ta tsakiyar gari muka bi, babu wata hanya. Falalu, tun rasuwar mahaifina ban yi tafiya mai tsawon wannan ba.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Takardarka ta huɗu ga Afrilu tana aljihuna lokacin da abin ya faru, na karanta ta, na ce sai bayan Sallah in kasuwa ta lafa. Sau huɗu na ɗauki biro, na rasa ta inda zan fara. Ana cikin haka sai ga Ɗan'inna ya dawo daga Kudu da tsohuwar takardar, ta yi baƙi da man inji, yana ba ni haƙuri. Na ce ya riƙe haƙurinsa, wadda ta zo a kan lokaci ma me na yi da ita?

Na cire lagireto da hannuna na kai wa Malam Muslim, mai wankin lagireto a Dutse. Da ya fasa samansa sai ya kira maƙwabtansa. Ciki fari fat, kanwa ta daskare kamar dutse, a cikin hanyoyi sama da talatin bakwai ne kawai ruwa yake bi. Ya ce, "Alhaji, wannan siminti ka riƙa zuba mata?" Da na dawo gida na tarar Murja ta ajiye butar shayi a kan tabarmata, a buɗe, da wuƙar da take kankare ta duk wata a gefe. Na leƙa.

Gaskit ɗin kan inji ya ƙone, na canza shi ni kaɗai a ƙarƙashin tsamiya, kwana tara, da ido na koya kamar yadda na saba. Tsohon ruwan na haƙa rami na binne, na ɗora dutse. Da takardarka ta ƙarshe ta zo na je na sami Inna Talatu na ce a shirya amalanke a kai Zulaihatu gidan Goggo Asma'u. Ka san abin da wannan magana ta ci a bakina. Zulaihatu ce ta ƙi. Ta ce, "Hamma, ka gama gyaranka, ni a Fijo zan tafi, ba ni ba girgizar amalanke." Yarinyar nan ta fi ka sanin mutane.

Ruwan batir ya yanke a Dutse, sai na jira sama. Ruwan farko ja ne, na zubar. Ranar Talata da hantsi na biyu ya sauko, na kwashe kwanukan Murja kaf har da na jerenta na shimfiɗa a fili. Mutane suna gudu suna fakewa, ni ina tsaye a tsakiya. Mai rijiya gaba goma sha huɗu yana tarar ruwa a kwanon miya! Liman ya leƙo ya ce, "Barau, rijiyar ta ƙafe ne?" Na ce a'a, Malam, ta shanu ce da mutane, wannan na baƙuwa ne. Na tace da sabon ƙyalle, na haɗa da ragowar galan ɗinka, na cika.

Jiya da hantsi naƙuda ta tashi. Zuwa azahar ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Muka ɗauke ta. Hanya ta jiƙe, yashin kuka biyu ya zama taɓo, a giya ta ɗaya na yi ta jan motar tana gurnani, rana kuma ta buɗe. Inna Talatu tana salati a baya, Zulaihatu ta daina ko nishi, wannan shirun ya fi komai tsorata ni. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura. Falalu, allurar ta hau tsakiya ta tsaya cak. Ina yi mata magana kamar yadda nake yi wa saniya mai gardama, ina cewa tsaya nan, 'yar albarka, tsaya nan. Har ƙofar asibiti ba ta gusa ba.

Likitan ya ce da mun ƙara awa guda a hanya, da labarin ya canza. Na fita na zauna a gindin taya. Wani abu ya shiga mini ido, ƙurar asibiti ce.

Suna ranar Asabar, ka taho da wani galan, kuma wannan karon takardar ka riƙe ta a hannunka.

Saura magana ɗaya. Na so a ce namiji ne ka mayar masa da sunana, to Allah ya yi nasa ikon. Amma na san kana da littafin nan mai baƙin bango da kake rubuta abubuwan gidanku. A shafin da za ka sa ranar haihuwarta, ka rubuta haka, kada ka rage ko harafi: "Barau Jauro na Mai Tsamiya ne ya kai uwarta asibiti, a motarsa da ya gyara da hannunsa, kuma inji bai yi zafi ba." In ta girma ta iya karatu ta gani da idonta. In kana so ka sa naka sunan a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na yarda, galan ɗin naka ne. Na Murja ma a sa, saboda buta.

Amma nawa a sama. Zan duba.

Naka,
Barau Jauro, mai Fijo, mai rijiya.